Wa Zai Tsaya Wa Wanda Gari Ya Tsana?

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ba a zalunci a gabansa, wanda zai tsayar da kowa ranar hisabi Ya ba shi littafinsa ya karanta da kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

'Yan'uwana Musulmi, akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu, a majalisa da teburin mai shayi har ma da ƙofar masallaci. Duk ranar da aka gurfanar da wani a kotu bisa tuhumar ta'addanci, aka ga lauya ya miƙe ya ce shi ne ke tsaya masa, sai ka ji an ce, "Ai shi ma ɗan Boko Haram ne, baƙar riga kawai ya sa." Wani ya ce kuɗin jini yake ci. Wani ma ya tsine masa, ya haɗa da iyayen da suka kai shi makaranta. Na sha jin haka daga bakin mutanen kirki, 'yan sahun gaba, kuma abin yana tsaya mini a rai, domin ina tsoron muna kwasar wa kanmu zunubi alhali muna zaton kishin addini muke yi.

Na san inda zafin ya samo asali, kuma ba na raina shi. Mutanen Kano ba su manta da yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012 ba, ranar da bama-bamai da harsasai suka ci rai sama da 180. Ba su manta da 28 ga Nuwamban 2014 ba, da aka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, aka kuma bi masu gudu da bindiga. A Madalla masu ibada aka kashe a coci ranar Kirsimetin 2011. A Buni Yadi yara 'yan makarantar kwana aka kashe cikin dare a Fabrairun 2014, kuma a wannan watan ne aka harbe Malam Albani Zariya da matarsa da ɗansa suna komawa gida daga karatu. A Chibok an kwashe 'yan mata 276. A Zabarmari manoman shinkafa aka yi wa yankan rago a gonakinsu. Uban da ya tattara gawar ɗansa a zani ba ya bukatar wani ya koya masa ƙin ta'addanci. Shari'a ma ba ta sassauta wa wannan laifi ba. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta tanadi mafi tsananin hukunci ga masu yaƙar al'umma da yaɗa ɓarna a bayan ƙasa, wato hiraba, kuma babu malamin kirki da zai roƙa musu ragi.

Sai dai a cikin wannan surar, a aya ta 8, Allah Ya riga Ya gargaɗe mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta ja mu ga barin adalci. Ya san za a zo ranar da za mu ƙi wasu ƙiyayya mai dalili, shi ya sa Ya ɗaure hannunmu tun kafin ranar ta zo. Hukuncin hiraba yana kan wanda ya aikata hiraba. To, ta yaya za mu san wannan mutumin da aka fito da shi daga baƙar mota da ankwa a hannu shi ne ya aikata? Mun gan shi? Ko kuwa an ce mana ne an ce?

Masu zagin lauyoyi suna da ayar da suke jawowa, wato aya ta 105 a Suratun Nisa'i, inda aka hana Manzon Allah (SAW) zama mai jayayya domin kare maha'inta. Su ce to ga shi nan, Alƙur'ani ya haramta aikin lauya. Ina roƙon duk mai faɗar haka ya buɗe tafsiri ya ga a kan me ayar ta sauka. Kamar yadda malaman tafsiri irin su Bagawi suka kawo, wani mutum ne a Madina, Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ, ya saci sulken maƙwabcinsa. Sulken yana cikin buhun da ke da gari, buhun kuma ya huje, garin yana ta zuba a hanya. Ɓarawon ya kai kayan gidan wani Bayahude ya ce a ajiye masa. Da aka bi sawun gari sai ya kai mutane gidan Bayahuden, aka kuwa tarar da sulke a can. Duba fa, ɗan'uwa: ga kayan sata a ɗakinsa, ga sawu har ƙofarsa, ga shi ba Musulmi ba, a lokacin da tsakanin Musulmi da Yahudawan Madina babu daɗi. Dangin ɓarawon suka taho gun Annabi suna neman ya wanke ɗan'uwansu a bainar jama'a, kada a kunyata Musulmi saboda Bayahude. A zahirin abin da ido ya gani, shari'a ta ƙare. Sai Allah Ya saukar da ayoyi a jere Ya wanke Bayahuden, Ya tona asirin ɓarawon, Ya kuma bayyana girman zunubin wanda ya yi laifi sannan ya jefa shi kan marar laifi.

Ashe ayar da muke jifan lauya da ita ta sauka ne don ceton wanda ake tuhuma, wanda gari ya riga ya yanke wa hukunci, wanda babu mai tsaya masa. Abin da ta hana shi ne ka san mutum maha'inci ne ka rufe gaskiya ka kare shi don naka ne. Mu yau wahayi ya yanke. Jibrilu ba zai sauko ya gaya wa alƙalin Babbar Kotun Tarayya cewa sawun garin nan ƙarya yake nunawa ba. Abin da ya rage mana shi ne mutum mai ilimi ya tashi ya tambaya: wa ya ga an kai kayan? Yaushe? A ina aka ɗauki wannan bayani, kuma a wane hali mai bayanin yake? Wannan mai tambayar shi ne lauyan da muke tsine wa.

Wakilci a shari'a kuma ba Turawa suka kawo mana shi ba. Littattafan fiƙihu sun kawo cewa Sayyidina Aliyu, duk da fasaharsa da iliminsa, yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a gaban shari'a, daga baya ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, wadda alƙalanmu suke aiki da ita tun kafin zuwan Nasara, tana da babi a kan wakilci. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma ya ce abin da aka karɓa ta wannan hanya yankin wuta ne. Idan a gaban Annabi ma iya magana na iya rinjayar hukunci, ina ga makiyayi ko manomin da aka kwaso daga ƙauyukan Bama ko Gwoza, wanda bai taɓa shiga aji ba, Barbarci ko Larabcin Shuwa kawai yake ji, aka tsayar da shi a gaban alƙali ana karanta masa sashen doka da Turanci, ga lauyan gwamnati da tulin takardu? Kotunanmu na Musulunci suna da ƙa'idar izari: kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan. Wanda bai san me aka ce ya yi ba, da me zai amsa izari?

Mu bar misali, mu duba abin da ya faru. A Oktoban 2017 gwamnatin tarayya ta fara shari'ar mutum sama da 1,600 da ake tsare da su a barikin soja na Wawa, kusa da Kainji a Jihar Neja, dukkansu bisa tuhumar alaƙa da Boko Haram. Alƙalan Babbar Kotun Tarayya aka kai can suka zauna. A zaman farko an samu mutum 45 da laifi, kotu ta sallami 468. A zaman Fabrairun 2018 an ɗaure 205, an sallami 526. Waɗanda aka sallama ɗin, mafi yawansu lauyoyin gwamnati ne da kansu suka ga ba su da hujjar da za su gabatar a kansu. Ka tsaya ka yi wannan lissafi da zuciyarka. Mutum kusan dubu a zama biyu, wasu sun shekara uku, wasu biyar, wasu fiye, a tsare, ana kiransu 'yan ta'adda, matansu ba su san ko zawarawa ne ko matan aure ba, 'ya'yansu sun tashi ana nuna su da baki. Da ranar da aka kama su an bi ra'ayin majalisarmu, an ce a gama da su kawai, jinin mutum nawa ke nan a wuyanmu?

Ko waɗanda aka ɗaure ɗin ma, akwai abin dubawa. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta sa ido a wani ɓangare na zaman, ta ba da rahoton cewa wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, cewa akasarin hukuncin an gina shi ne a kan ikirarin wanda ake tuhuma, kuma da yawa ba su ga lauyansu ba sai ranar shari'a. Lauyoyin na Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa ne, wadda aka kafa tun 1976 don ba talaka lauya kyauta, kuma 'yan kaɗan ne aka ɗora wa ɗaruruwan mutane. Tuhumar da aka yi wa da dama cikinsu ita ce taimaka wa ƙungiyar, kamar kai abinci, ko gyaran abin hawa, ko wankin kaya, ko ƙin kai rahoto ga hukuma. Duk wanda ya san yadda aka zauna a garuruwan da Boko Haram ta mamaye a 2014 ya san akwai wanda ya yi haka da son ransa, akwai kuma wanda ya yi da bakin bindiga a ƙeyarsa. Addininmu ya bambanta su. Aya ta 106 a Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta ko da kalmar kafirci ce ya furta, matuƙar zuciyarsa na kan imani. Wa zai fitar da wannan bambanci a minti 15, in babu wanda ya zauna da mutumin ya ji labarinsa tun daga farko?

Batun ikirari kuwa, sai mu koma ga Ma'izu ɗan Maliku. Da ƙafarsa ya zo, babu mai dukansa, ya ce ya yi zina. Manzon Allah (SAW) ya kau da kai, ya sake kau da kai, ya bincika ko yana da taɓin hankali, aka bincika ko ya sha abin maye. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutumin da aka hana abinci ko aka ɗaure ko aka daka ba abin amincewa ba ne a kan abin da ya faɗa game da kansa. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya: Dokar Shaida ta 2011 ta hana karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, akwai kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Amma doka a takarda ba ta tashi ta yi magana. Sai an sami wanda zai ce, "Ya mai shari'a, a dubi bayan wannan mutum."

Akwai waɗanda ko Kainjin ba su kai ba. A 2015 Amnesty International ta ce maza da yara sama da 7,000 ne suka mutu a hannun soja a wuraren tsarewa tun daga 2011, da yawansu a barikin Giwa na Maiduguri. Rundunar soja ta musanta rahoton. Amma matan da suka haɗu a ƙungiyar Knifar, waɗanda aka raba su da mazajensu lokacin da suka gudo daga ƙauyuka suna neman tsira, ba rahoto ba ne, mutane ne masu rai, kuma abin da suka yi ta roƙo shi ne a kai mazan kotu ko a sake su.

Mu tuna kuma yadda wutar ta ruru. A ƙarshen Yulin 2009 sojoji sun kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi ba tare da ya ga alƙali ba. Surukinsa, dattijo Baba Fugu, ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma bai fito da rai ba, har daga baya kotu ta ce a biya iyalinsa diyyar naira miliyan 100. Ba ina wanke Muhammad Yusuf ba ne. Aƙidarsa ɓata ce, malamai sun yi masa raddi tun yana raye, kuma jinin da mabiyansa suka zubar yana wuyansu. Amma da an tsayar da shi a kotu, da lauyansa a gefensa, da ƙasa ta ji wa ya ba shi kuɗi, wa ya ɗaure masa gindi, ta ina makamai suka shigo. An binne amsoshin nan tare da shi, aka kuma miƙa wa magajinsa Abubakar Shekau hoton bidiyon gawarsa, wanda ya yi shekaru yana jan yara da shi. Kwatanta wannan da Kabiru Sokoto, wanda aka tuhuma a kan harin Madalla. An kai shi Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ya samu lauyoyi, an kawo shaidu, an yi musu tambayoyi, kuma a Disamban 2013 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Lauya bai hana a hukunta shi ba. Kasancewar lauyan ce ma ta sa babu mai iya cewa an zalunce shi. Kuma a duk lokacin da aka ɗaure marar laifi a kan wani hari, aka rufe fayil, to wanda ya dasa bam ɗin na gaskiya yana nan a gari yana shan shayi tare da mu.

Malamanmu suna kiran 'yan Boko Haram Khawarijawan zamani. To, mu ga yadda wanda Khawarijawa suka kashe ya yi da su. A Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, Abdurrahman ɗan Muljam ya sari Sayyidina Aliyu da takobi mai guba a Kufa, lokacin sallar asuba. An kama shi nan take, babu shakka ko ɗaya a kan laifinsa. Sarkin Musulmi yana kwance cikin jini ya yi wasiyya a ciyar da fursunan, a kyautata tsaronsa, in ya rayu shi zai ga abin da zai yi da shi, in kuma ya rasu a yi ƙisasi daidai da daidai, kada a yi gunduwa-gunduwa da gawarsa, kada kuma a kashe wani da sunan fansa. Wanene a cikinmu ya fi Aliyu kishin addini, ko ya fi shi jin zafin takobin Bakhawarije?

Yanzu kuma gare ka, Barista, domin kai ma wa'azin nan bai tsallake ka ba. Ka ji tsoron Allah a cikin wannan riga. Halal ne ka tilasta wa mai ƙara ya kawo hujja, domin hujja tana kan mai da'awa. Halal ne ka nuna an yi wa mutum azaba, ko an tsare shi fiye da ƙa'ida, ko yaro ne lokacin da aka sace shi aka ba shi bindiga, ko hukuncin da ake nema ya wuce girman laifinsa. Ko wanda ya amsa laifinsa yana da haƙƙin a hukunta shi gwargwadon abin da ya yi. Amma ranar da ka ƙirƙiro shaidar zur, ko ka koya wa mutum ƙaryar da zai yi, ko ka kai wa magatakarda ambulan don fayil ya ɓata, ko ka zama ɗan aike tsakanin na cikin kurkuku da na cikin daji, to ka shiga cikin ayar Suratun Nisa'i da ƙafa biyu, kuma ƙa'idojin aikinka ma sun haramta maka yaudarar kotu. Ka guji jan shari'a da neman ɗage zama don kawai shaidu su gaji, domin su ma marayun da harin ya bari suna jiran adalci, kuma haƙƙinsu bai gaza na wanda kake karewa ba. Mafi muni shi ne wanda zai karɓi kuɗin tsohuwar da ta sayar da akuyarta da gonarta, ya ce mata gobe ɗanta zai fito, alhali ko inda ake tsare da yaron bai sani ba. Wannan kuɗi wuta ne. Ka dubi irin su Barista Zannah Mustapha na Maiduguri, wanda ya buɗe makaranta ya haɗa marayun 'yan Boko Haram da marayun waɗanda suka kashe a aji ɗaya, ya kuma shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da 82 a 2017. Amanar da kowa ya san shi da ita ce ta ba shi wannan dama.

Mu kuma sauran jama'a, mu kama harshenmu. Lauyan da ya karɓi irin wannan shari'a yana tsakanin tsoro biyu, ga zargin jami'an tsaro, ga barazanar 'yan ta'adda idan abin bai yi musu daɗi ba, sau da yawa kuma babu wani kuɗin kirki a ciki. Kada mu ƙara masa da tsinuwa. Wanda ya san wani abu a kan wani hari ya je ya ba da shaida, domin ɓoye shaida zunubi ne da ƙarshen Suratul Baƙara ya ambata, kuma rashin shaidu na cikin abin da ke sa a dogara da duka a ɗakin bincike. Wanda kuma ya taɓa ba da sunan maƙwabcinsa ga jami'an tsaro saboda rikicin gona, ko bashi, ko neman aure, ya sani tubarsa ba ta cika ba sai ya koma ya warware abin da ya ƙulla, tun mutumin yana da rai. Limamai su riƙa tambayar gidajen da aka kama musu mutum aka yi shiru, kada a ƙaurace musu kamar masu annoba.

Mawadatanmu kuma, Allah Ya ƙara buɗi, kuna gina masallatai kuna raba buhunan Ramadan, Allah Ya karɓa. Ga wata ƙofar sadaka da kusan babu kowa a bakinta. Hukumar Tallafin Shari'a tana da ofisoshi a jihohi, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa tana da rassa a manyan garuruwanmu, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi Musulmi. Ku je ku tambaye su mutum nawa ne ke jiran shari'a babu mai tsaya musu. Ku ɗauki nauyin kuɗin motar lauya zuwa inda ake tsare da su, da kuɗin tafintan da ke jin Barbarci ko Fulatanci, da kuɗin buga takardun neman kotu ta sa a fito da mutum a ji laifinsa. Kuɗin kujerar Umra ɗaya zai ishi shari'ar mutane da dama, in mai laifi ne a hukunta shi da hujja, in marar laifi ne ya koma wurin 'ya'yansa.